Wuri da Katantanwa Mai Sulke

Laccar da aka gabatar a Widi, cikin Wagadugu



Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah gafarta malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa 'yan kasuwa da direbobi, da ku 'yan lakwal da kuka cika bayan rumfa, barkanku da yamma. 

Na san da aka yi shelar za a yi lacca a kan wata katantanwa ta ƙarƙashin teku, akwai wanda ya ce a ransa, mu da teku ina aka haɗu? Yana da hujjarsa. Direban da ya ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome ko Tema sai ya ci kusan kilomita 1,000 kafin ya shigo Wagadugu, kuma babban ruwan da yaranmu suka sani shi ne barajin nan na bayanmu. Duk da haka magana ɗaya na zo da ita. Dukiyar kakanninmu da gidan katantanwar teku aka ƙirga ta, kuma ƙasan tekun da za mu leƙa yau, a dokar duniya muna da rabo a cikinsa. Wanda yake da rabo a abu, ya kamata ya san abin da ke ciki.

Mu fara da na hannu. Na ba yara wuri su rarraba, wanda ya samu ya juya shi da kyau. Bayansa a ƙumbure yake, sumul, yana sheƙi. Cikinsa da doguwar tsaga, da ƙananan haƙora jere a gefe biyu. To, wanda ya samu irin wanda aka fasa wa baya don a zura zare ko a ɗinka shi a jikin fata, ya leƙa ta ramin nan. Zai ga wani siririn naɗi a ciki. Wannan naɗin shi ne ke tona asalin wuri: gidan katantanwa ne. Lokacin da mai gidan take ƙarama, gidanta siriri ne, a murɗe, da faffaɗan baki. Idan ta kai munzali sai leɓen bakin ya lanƙwashe ciki, ya yi kauri, haƙora su fito, naɗin ƙuruciya ya ɓuya a ciki, daga nan kuma girma ya tsaya. Sheƙin da kuke gani ba goge shi aka yi ba. Tana da wata tattausar fata da take fitarwa ta tsagar nan, dama da hagu, ta lulluɓe gidan gaba ɗaya, tana yi masa sabon shafe daga waje muddin tana raye. Da rana takan ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da murjani, da dare ta fito kiwon gansakuka. Uwar takan zauna a kan ƙwanta har ya ƙyanƙyashe. Kuma ba ta son zurfi: a ruwan da mutum zai shiga ya tsaya da ƙafarsa ake samunta.

Yanzu kowa ya sake duba nasa. Wani zai ga gefen yana da 'yan ƙullutai, launinsa fari mai ratsin rawaya. Wani kuma zai ga nasa sumul ne, da wani siririn zobe ruwan lemo kewaye da bayan. Iri biyu ke nan, ba ɗaya ba. A shekarar 1758 wani masanin halitta ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna mai kalma biyu, ya rubuta su daban-daban. A yau ana kiran mai ƙullutai Monetaria moneta, mai zobe kuma Monetaria annulus. Ku riƙe wannan bambancin, don ya taɓa karya tattalin arzikin ƙasashe.

Mai ƙullutai shi ne na asali a kasuwanninmu, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib ya fito, can kudu maso yammacin Indiya. A da, mutanen tsibiran sukan jefa rassan kwakwa a ruwa, katantanwar ta hau ta manne, su jawo rassan gaɓa, su bar ta a rana ko su binne ta a yashi har naman ya ruɓe, a wanke gidan a ƙirga. Ibnu Batuta ya zauna a tsibiran wajen 1343, har ya yi musu alƙalanci. Ya tarar ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Bayan shekara goma ya zo ƙasar Mali, ya ga wurin nan dai a Gawo, ana ba da 1,150 a kan dinari. Ku auna tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu, za ku gane abin da ya sa raƙuma suka yi ta ratsa Sahara da shi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

A wannan ƙarnin kuwa hanyar teku ta riga ta fi ta Sahara. Jiragen Holan da na Ingila sukan zuba wuri a ƙasan jirgi don ya daidaita musu nauyi, su kai shi Amstadam da Landan, sannan a sake loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Jan Hogendorn da Marion Johnson, da suka bi takardun kamfanonin suka fitar da littafi a 1986, sun ƙiyasta an kawo fiye da wuri biliyan 10 a ƙarni na 18 kaɗai. Ba zan wuce nan ban faɗi abin da aka saya da shi ba. Mutane aka saya, maza da mata da yara, aka ƙetare da su teku ba su dawo ba. Duk lokacin da na ga wuri a jikin kayan ado, wannan ma yana zuwa mini a rai.

Sai aka zo 1845. 'Yan kasuwar Jamus daga birnin Hambug suka gane akwai mai zobe birjik a gaɓar Zanzibar, da arha, kuma kasuwannin gaɓar yamma suna karɓarsa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka juye biliyoyinsa. Kuɗi ya yi yawa, daraja ta faɗi. A 1851, da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya. A Tasawa ya ga ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, domin mu a nan ciki ba a zura shi a zare. Keso ɗaya, wato wuri 20,000, kayan ƙato guda ne. Ku tuna da fataken da suka bi hanyar Gwanja sayo goro a Salga, wasu ta Fadan Gurma da Kupela da Tankodogo, waɗanda zangonsu ne ya zama unguwanninmu. Da darajar wuri ta yi ta zubewa, sai ya zama ladan mai ɗaukar kuɗin yana cinye kuɗin a hanya. Turawan mulki suka zo suka ƙarasa shi: Ingila ta hana shigo da shi Najeriya a 1904, Faransa ta daina karɓar haraji da shi. Amma a wasu sassan ƙasar nan, musamman yamma da kudu maso yamma, mata sun ci gaba da ciniki da shi a kasuwa har shekarun 1940.

Na daɗe a kan wuri ne don ku ga cewa rarrabe halittu iri-iri ba aikin marasa abin yi ba ne. Ga wani misali da ya fi kusa. Ƙananan katantanwa sun cika barajojin ƙasar nan, amma ba dukkansu ke ɗauke da tsutsar tsargiya ba. Wadda ake kira Bulinus ita ke rainon tsutsar da ke sa yaro fitsarin jini. Idan ka riƙe gidanta tsininsa sama, bakin yana kallonka, za ka ga bakin a hagu yake, saɓanin yawancin katantanwa. Wata kuma, Biomphalaria, mai gida a faffaɗe, ita ke ɗauke da ta hanji. Ma'aikacin lafiyar da ya iya bambance su ya san ruwan da zai hana yara shiga.

Ga yadda masana suka tsara abin. Akwai babban rukuni na halittu masu taushin jiki marasa ƙashi, ana ce masa Mollusca. A ciki akwai aji-aji. Makankarin da iyayenmu mata ke kankare tukunya da shi ajinsu daban, masu gida mai murfi biyu. Dodon koɗi da katantanwar baraji da wuri ajinsu ɗaya, Gastropoda, masu jan ciki a kan ƙafa ɗaya, kuma irinsu ya kai dubun-dubatai. Aji yakan rabu zuwa dangi, dangi zuwa gida, gida zuwa iri. Dangin wuri su ne Cypraeidae, sun haura iri 200. Kalmar farko a sunan halitta ta gida ce, ta biyu ta iri.

To, yanzu mu bar gaɓa mu nutsa, a cikin Tekun Indiyan nan dai da ya ba mu wuri.

Daga mita 200 hasken rana ya yi rauni, tsiro ba ya rayuwa. Daga mita 1,000 duhu ne ƙirin, dare da rana ɗaya. A mita 2,500 sanyin ruwa wajen digiri 2 ne, nauyin ruwan da ke danne komai kuma ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau 250. An daɗe ana ɗaukar cewa duk abin da ke can ƙasa yana rayuwa ne da ɗan ɓurɓushin da ke zubowa daga sama. A 1977 masu binciken duwatsu suka sauka a wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin kusa da tsibiran Galapagos, neman maɓuɓɓugar ruwan zafi, sai suka tarar da halittu cunkus a kewaye da ita. Ba su zo da masanin dabbobi ko ɗaya ba, don ba wanda ya zaci za a ga wani abu mai rai da yawa haka.

Yadda abin yake shi ne, a tsakiyar manyan tekuna akwai jerin tsaunuka inda ɓawon ƙasa ke tsagewa a hankali. Ruwan teku yana tsiyaya ta tsagogin, ya kusanci narkakken dutse, ya ɗau zafi, ya narko ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya da farar wuta daga cikin duwatsu, sannan ya tunkuɗo sama. Zafinsa yakan wuce digiri 350, amma nauyin ruwa ba ya barin sa ya tafasa. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai ma'adinan su daskare nan take, su fito baƙi ƙirin suna tuƙuƙi, su yi ta taruwa har su gina dogayen bututai. A cikin wannan ruwa akwai iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga yawancin masu rai. Amma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ƙona ta su sami ƙarfin haɗa abinci, ba tare da hasken rana ba. Su ne tushen abincin duk wanda ke wurin.

A shekarar 2000 masu bincike daga Japan suka gano irin wannan fili a tsakiyar Tekun Indiya, gabas da Madagaska, suka sa masa sunan jirginsu, Kairei. Zurfinsa mita 2,415 zuwa 2,460. A watan Afrilu na 2001 wata tawaga daga Amurka ta je da jirgin Knorr, ta saukar da na'urar nutso mai suna Jason, wadda ake sarrafawa daga sama. A gindin bututan nan na'urar ta kwaso wata katantanwa da ba a taɓa ganin irinta ba.

Ba babba ba ce. Faɗin gidanta yawanci santimita 3 ne da ɗan ɗori, mafi girma ta kai 4 da rabi. Gidan baƙi ne, naɗi uku, da faffaɗan baki. Naman jikinta ja ne. Ba ta da ido, sai ƙahoni biyu masu kauri da take lalube da su. Abin da ya tsayar da kowa shi ne ƙafarta. Gefen ƙafar duka a rufe yake da ɗaruruwan ƙananan ɓawo masu tauri, kowanne tsawonsa wajen milimita 5, faɗinsa 1, an jera su wani a kan wani. Mu da ke zaune a unguwar Widi Naba, shugaban dawakin Mogo Naba, da duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano ko Katsina, mun san sulken barade. Shi ya sa nake kiran ta mai sulke. Kuma da gaske akwai ƙarfe a jikinsa. A 2003 Anders Warén, masanin katantanwa a gidan adana kayan halitta na Stockholm, da abokan aikinsa suka bayyana cewa ɓawon nan da bayan gidan a lulluɓe suke da ma'adinan ƙarfe da farar wuta. Ɗaya daga cikin ma'adinan yana amsa kiran mayen ƙarfe, don haka idan ka kusanto da shi sai katantanwar ta manne. A duk dabbobin da aka sani suna raye, ita kaɗai ce ke gina jikinta da irin wannan ma'adini.

Gidan hawa uku ne. Na waje shi ne na ƙarfen, kaurinsa milimita 0.03. Na tsakiya mai taushi ne, 0.15. Na ciki alli ne irin na kowace katantanwa, 0.25. Masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun gwada shi a 2010, suka ga idan aka matsa shi, na waje yana yin ƙananan tsagogi da ke watsa ƙarfin matsin, na tsakiya ya shanye saura, na ciki ya tsira.

Cikinta ya fi wajenta ban mamaki. Hanjinta ɗan guntu ne, haƙoran kankararta raunana, domin ba ta kiwo. A maƙogwaronta akwai wata kumburarriyar jaka cike da bakteriyar nan masu ƙona iskar farar wuta. Ita ke ba su masauki, ta kai musu iskar da suke bukata ta hanyar jininta, su kuma su ciyar da ita. Saboda wannan hidimar aka ba ta ƙaton abin shaƙar iska a ruwa, da zuciyar da ta kai kashi 4 cikin 100 na jikinta, alhali ta ɗan Adam ba ta wuce kashi 1 da ɗan ɗori ba. Sai ta zauna a daidai inda ruwan zafi ke gaurayuwa da na sanyi, inda ɗumin yake tsakanin digiri 2 zuwa 10. Ta matsa gaba kaɗan ta ƙone, ta ja baya da yawa baƙinta su rasa abinci. Kowace ɗaya kuma tana da kayan haihuwa na namiji da na mace a jiki guda. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan a inda ido bai kai ba.

Mene ne amfanin sulken? Da farko kowa ya ce kariya ce, kuma akwai dalili. A wurin akwai ƙaguwa mai murƙushe gida, akwai kuma wata katantanwa mafarauciya, Phymorhynchus, mai harbi da dafi. Amma a 2019 masu bincike a Japan suka yanka ɓawon suka duba shi da madubin da ke nuna mafi ƙanƙantar abu, suka ga wasu siraran hanyoyi a ciki da ke fitar da farar wuta daga jikin dabbar zuwa waje. Bakteriyar da ke ciyar da ita suna barin farar wuta a matsayin shara, idan ta taru za ta yi mata illa. Tana turo ta waje ta ɓawon, ta haɗu da ƙarfen da ke cikin ruwa, ma'adinin ya ƙullu. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, ko da yake ba abin da zai hana abu ɗaya ya yi aiki biyu.

Abin da ya ƙarfafa shi kuwa shi ne wata da aka gano a 2009, lokacin da jirgin nutson Japan, Shinkai 6500, ya sauka a wani fili mai suna Solitaire, mita 2,606, a ruwan ƙasar Morishus, kimanin kilomita 700 daga Kairei. Na can farare ne fat, babu ƙarfe a jikinsu, domin ruwan wurin ba shi da ƙarfe sosai. A 2011 kuma jirgin Ingila James Cook ya je filin Longqi, wanda 'yan Sin suka gano a 2007, mita 2,780, kudu da Madagaska, aka samu masu launin ƙasa-ƙasa. Baƙa, fara, da ruwan ƙasa. Da ido za a bi, da an ce iri uku ne. Da aka gwada ƙwayoyin gadonsu na DNA sai aka ga iri ɗaya ne, ruwan da kowacce ta tashi a ciki ne ya ba ta launi. Ku ga yadda ya sha bamban da na wuri: can biyu ne masu kama da juna, nan ɗaya ce mai kama uku.

Danginta su ne Peltospiridae, waɗanda a bakin ruwan zafin ƙarƙashin teku kaɗai ake samunsu, cikin wani tsohon reshe da ake kira Neomphalida. A gidanta ita kaɗai ce. Tsakaninta da wuri nisan zumunta ne mai yawa, aji kawai suka haɗa. Mafarauciyar nan mai dafi da ke zaune tare da ita ma ta fi ta kusanci da wurin da ke hannunku. Kuma da aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonta a 2020, a wani aikin haɗin gwiwa na masu bincike a Hong Kong da Japan, ba a sami wasu sababbin ƙwayoyi na musamman da ke yin sulken ba. Kayan aikin da sauran danginta masu taushin jiki suke da shi tun da can, shi ne aka sarrafa ta wata hanya.

Shekara 14 ta yi ba ta da suna a hukumance. Ana ta rubutu a kanta, ana nuna hotonta, amma ba wanda ya cika sharuɗɗan: a siffanta ta dalla-dalla, a ware guda ɗaya a ajiye a gidan adana kayan halitta ta zama abin komawa, a buga bayanin. Sai a 2015 Chong Chen da Katrin Linse da Jonathan Copley da Alex Rogers suka yi wannan aikin, suka sa mata Chrysomallon squamiferum, aka ajiye abin komawar a Landan. Kada wani ya raina wannan. Halittar da ba ta da suna ba ta shiga takardar hukuma, ba a yi mata doka. Shekara huɗu bayan sunan, a watan Yuli na 2019, ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta a jerin masu fuskantar ƙarewa. Ita ce ta farko da aka sa saboda barazanar haƙar ma'adinai a ƙasan teku. A lokacin, idan aka haɗa duka wuraren nan uku da take zaune, ba su wuce hekta 2 ba. Daga baya an gan ta a wasu 'yan filaye a tekun, amma duka ƙanana ne, da nisa a tsakaninsu. Binciken gado ya nuna na Longqi ba sa cuɗanya sosai da na sauran biyun, don tsakaninsu da Solitaire wajen kilomita 2,500 ne. Idan aka share su, da wuya wasu su zo su maye gurbi.

Bututan da take zaune a gindinsu ma'adini ne tsantsa: jan ƙarfe, tutiya, zinariya, azurfa. Mu a Burkina ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahaƙar tutiya ta Perkoa, a lardin Sangiye, kimanin kilomita 120 yamma da nan, masana duwatsu sun nuna ma'adininta ta wannan hanyar ya taru, a ƙasan wani teku da ya shuɗe fiye da shekara biliyan 2. Ƙasar da muke takawa ta taɓa zama ƙasan teku mai tuƙuƙin ruwan zafi. Mun kuma san abin da haƙa ke iya jawowa. A watan Afrilu na 2022 ruwan sama ya cika ramin Perkoa, ma'aikata takwas suka rasu a ciki, Allah ya ji ƙansu. Wannan a tudu ke nan, inda 'yan jarida da iyalai da alƙalai za su iya zuwa su gani da ido. A zurfin mita 2,500, wa zai je ya duba abin da injin ya yi?

An riga an fara shiri. Filin Longqi yana cikin yankin da aka ba wata hukumar ƙasar Sin lasisin bincike a 2011, Kairei kuma cikin wanda aka ba Jamus a 2015, kowanne na shekara 15. Lasisin bincike ne, ba na haƙa ba tukuna. A 2017 Japan ta gwada tono irin wannan ma'adini a ruwanta kusa da Okinawa, a zurfin wajen mita 1,600, ta fito da shi. Wani kamfanin Kanada da ya so ya fara haƙar kasuwanci a ruwan Papuwa Niu Gini ya karye a 2019, gwamnatin ƙasar ta yi asarar kuɗin da ta zuba.

Wa ke ba da lasisin? A nan rabonmu ya shigo. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa, da ma'adinan da ke cikinsa, gadon dukkan 'yan Adam ne, kuma a yi amfani da shi don kowa, da mai gaɓar teku da marar ita. Najeriya ta shiga a 1986, Burkina Faso a 2005, Nijar a 2013. Hukumar da ke riƙe da amanar tana birnin Kingston na Jamaika, kuma ɗan Gana, Nii Allotey Odunton, ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2016. Ta ba da lasisin bincike sama da 30, babu ko ɗaya da wata ƙasar Afirka ta tsaya wa. An shafe shekaru ana jayayya a kan dokar da za ta ba da damar fara haƙa, ƙasashe fiye da 30 kuma sun nemi a dakata har sai an san abin da za a rasa.

Ra'ayina a fili yake. Ban ƙi a ci amfanin ma'adini ba, wayar da ke aljihun kowa a nan da shi aka yi ta. Amma bututan da ke raye, masu fitar da ruwan zafi, inda mai sulke da maƙwabtanta suke, a bar su kwata-kwata. Duka-duka faɗinsu a duniya ɗan kaɗan ne, abin da za a samu a cikinsu bai kai abin da za a hallaka ba, kuma ba mai iya mayar da shi. Dabbar da shekara ashirin da 'yan kai kawai aka yi da saninta, wadda har yanzu ake koyon yadda take ƙera ma'adini a ruwan sanyi ba wuta ba maƙera, bai dace a niƙe gidanta don ribar 'yan shekaru ba.

A babban zauren hukumar nan ta Kingston, wanda ke zama kowace shekara, ƙuri'ar Burkina ɗaya ce, ta Sin ɗaya, ta Jamus ɗaya. An sha yin zama ƙasashe da yawa ba su aiko da kowa ba. Ina roƙon 'yan jaridar da ke cikinmu, da masu faɗa a ji, su riƙa tambayar ma'aikatar harkokin waje ko ana tura wakili, da kuma matsayin da yake ɗauka idan ya je. Ku kuma 'yan lakwal, Jami'ar Joseph Ki-Zerbo tana koyar da ilimin halittu da na duwatsu, kuma hukumar ta Kingston tana wajabta wa masu lasisi su ɗauki ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa horo, har a cikin jiragen binciken. Wanda ya iya rarrabe katantanwar baraji ya riga ya fara koyon aikin, kuma yana da damar neman gurbin.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.